Rijiya Ta Bayar, Guga Ya Hana

Duk lokacin da jami'o'in ƙasar nan suka ba da hutu, motocin da ke bin hanyoyin Madawa, Buza da Keita sukan cika da ɗalibai masu komawa gida. A cikinsu akwai waɗanda hutun bai zame musu hutu ba, domin suna ɗauke da nauyin rubuta kundin kammala karatu. Malami ya ba ɗalibi jerin maƙalolin da zai karanta, ya kuma tabbatar masa cewa dukkansu suna cikin ɗakin karatu na intanet. Ɗalibin ya isa Bangi, ya kai wayarsa wurin mai caji a kasuwa, ya sayi katin jika guda daga ɗan abin da ya rage masa, ya nemi inuwar da rezo ke kamawa, ya buɗe shafin. Sai na'ura ta amsa masa cewa ba ta san shi ba, ko kuwa ta nuna masa taƙaitaccen bayanin maƙalar, ta ce in yana son sauran ya biya dala 35 ta Amurka, wato wajen jika 20 na sefa a kan shafuka goma sha biyar. Ya gwada sau biyu, sau uku, katin ya ƙare. Daga nan hanya biyu ce ta rage masa: ko ya kwafi tsohon kundin wani ya sake masa suna, ko ya rubuta abin da bai karanta tushensa ba.

Ra'ayin wannan jarida shi ne, abin da ya sami wannan ɗalibi yana da sababi da za a iya ganowa, kuma yana da mai laifi da za a iya tambaya. Tsakanin ɗan makaranta da maƙalar da yake nema akwai ƙofofi a jere, kowace da makullinta, kowane makulli kuma yana hannun wani ofishi sananne. Muddin aka ci gaba da tattara dukan cikas ɗin a cikin kalma ɗaya, a ce "rezo ne", to an yafe wa kowa laifinsa, an bar wa ɗan talaka asarar.

Ya kamata a tuna daga ina aka fito. Daga 1973, lokacin da aka kafa Jami'ar Yamai wadda aka raɗa wa sunan Abdu Mumuni a 1992, har zuwa 2010, ɗan Adar da ya ci jarrabawar bak ba shi da wata jami'ar gwamnati sai ta babban birni, tafiyar wajen kilomita 500 daga Madawa. A 2010 ne aka buɗe jami'o'in Tawa, Maraɗi da Damagaram, sannan a 2014 aka ƙara na Agadas, Difa, Doso da Tilaberi. Kusantar da jami'a ga jama'a aiki ne mai kyau da babu mai musunsa. Amma ana iya gina aji a cikin shekara guda, ɗakin karatu kuwa sai an shekara talatin ana tara shi. Tsofaffin malamai ba su manta da watan Janairu na 1994 ba, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi, farashin kowane littafi da kowace mujalla da ake kawowa daga Faransa ya ninka a dare ɗaya. Sabuwar jami'a ba za ta iya sayen mujallun takarda na shekaru hamsin da suka wuce ba. Saboda haka, ga jami'o'in jihohi, ɗakin karatu na intanet shi ne babban ɗakin karatun, na takarda kuwa mataimakinsa ne.

Abin da ya sa lamarin ya fi ciwo shi ne rijiyar tana da ruwa. Tun 2002 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙulla yarjejeniya da manyan kamfanonin ɗab'i, aka buɗe shirin Hinari domin mujallun likitanci. A 2003 Hukumar Abinci da Noma ta biyo baya da AGORA domin ilimin noma. A 2006 aka sami OARE domin muhalli, a 2009 ARDI domin fasaha da ƙere-ƙere, a 2018 kuma GOALI domin shari'a da dokoki. Waɗannan biyar ne aka haɗa ƙarƙashin suna ɗaya, Research4Life, kuma suna ɗauke da dubun dubatar mujallu da littattafai. An raba ƙasashen da suka cancanta rukuni biyu: na farko kyauta, na biyu da ɗan kuɗi a shekara. Nijar tana rukunin farko. Abin da ake buƙata kawai shi ne jami'a, ko cibiyar bincike, ko asibiti, ko ofishin gwamnati ya yi rajista, shugabansa ya amince da sharuɗɗa, a ba shi suna da kalmar sirri. Ban da wannan akwai rumbunan da ba su neman makulli ko kaɗan, irin su Persée na Faransa da ya ajiye tsofaffin mujallun tarihi da zamantakewa, da AJOL da ke tara mujallun Afirka tun 1998, inda da yawa daga cikinsu a buɗe suke. Jami'ar Tawa tana koyar da shari'a, tattalin arziki da ilimin noma, wato fannonin da GOALI da AGORA suka yi daidai da su kamar an auna.

Kada kuma a ɗauka cewa abin da ke cikin waɗannan rumbuna labarin wasu ƙasashe ne kawai. Aikin raya karkara na Keita, wanda aka soma a 1984 da kuɗin Italiya da hannun Hukumar Abinci da Noma, ya farfaɗo da dubban ekoki na faƙo, ya dasa miliyoyin itatuwa, kuma mata ne suka ɗauki mafi yawan duwatsun da aka jera. Layukan dogon yaro masu kare iska da aka fara dasawa a kwarin Majiya a 1975 sun zama abin misali a littattafan gandun daji na duniya. Albasar Galmi, ramukan tassa na yankin Illela, ruwan ƙarƙashin kwarin Tarka, duk masana sun zo sun auna, sun rubuta, sun buga a mujallun Turai da Amurka. Yau jikar matar da ta ɗauki dutse a Keita tana karatun noma, tana neman sakamakon aikin kakarta, na'ura tana ce mata ta biya dala. Jami'ar Tawa tana ɗauke da sunan Farfesa Jibo Hamani, wanda ya buga bincikensa kan tarihin Adar kafin zuwan Turawa a 1975. Jami'ar da ke amsa irin wannan suna ta fi kowace cancanta ta tabbatar cewa abin da aka rubuta game da Adar ya dawo hannun ƴaƴan Adar.

To, ina guga ke tsinkewa? Ƙofa ta farko ita ce wutar lantarki. Kafin 2023 kimanin kashi 70 cikin ɗari na wutar da ƙasar nan ke sha daga Najeriya yake zuwa. Da aka yanke ta a watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, har zuwa lokacin da aka mayar da ita a watan Maris na 2024, kowa ya ga yadda karatu ya rataya a kan waya guda. Tashar hasken rana ta Malbaza, mai ƙarfin megawat 7, wadda aka buɗe a 2018, ta nuna cewa jihar Tawa tana da mafita a saman kanta. Ɗakin karatu ba ya shan wutar masana'anta. Ƴan allunan hasken rana da batura sun isa su riƙe kwamfutoci ashirin da na'urar rarraba intanet, kuma kuɗinsu bai kai na motar ofis guda ba.

Ƙofa ta biyu ita ce layin intanet ɗin kansa. Nijar ba ta da teku, don haka duk abin da ke shigowa sai ya ratso ƙasar maƙwabta. A ranar 14 ga Maris 2024 wayoyi huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, cikas ɗin kuma ya iso har nan. A ƙarshen Fabrairu na 2021, bayan zaɓen shugaban ƙasa, an katse intanet na wayar salula na kwana goma. Irin waɗannan ba su hannun mai kula da ɗakin karatu. Abin da ke hannun jami'a shi ne rabon ɗan layin da take da shi: idan ɗaruruwan wayoyi suna kallon bidiyo a kan layin da ɗakin karatu ke amfani da shi, maƙala mai shafi ashirin za ta tsaya a tsakiya. Akwai hanyar ware wa shafukan ilimi kasonsu, kuma injiniyoyin ƙasar nan sun san ta.

Ƙofa ta uku, wadda ta fi cutar ɗan ƙauye, ita ce ta shaida. Kamfanin ɗab'i yana gane mai karatu ta hanya biyu: ko ta lambar adireshin da layin jami'a ke ɗauke da ita, ko ta suna da kalmar sirri. Idan ta lambar layi ce kaɗai, to ɗalibi yana karatu muddin yana cikin harabar jami'a. Da ya fita ƙofa ya zama baƙo. Idan kuma jami'a ta sauya kamfanin da ke ba ta intanet, lambar ta sauya, ba a sanar da masu rumbun ba, to ko a cikin harabar ƙofa ta rufe, alhali kowa yana ganin rezo cike a fuskar wayarsa. Maganin wannan tsoho ne: na'ura mai tsayawa tsakani, wadda ɗalibi zai shiga da lambar rajistarsa daga ko'ina, ita kuma ta gabatar da shi a matsayin ɗan jami'a. Mutanen Bangi suna da ƙarin matsala tasu. Garin yana bakin iyaka da jihar Sakkwato, kuma a garuruwan iyaka an saba riƙe layin wayar Najeriya saboda ciniki da zumunci. Wanda ya shiga da irin wannan layi, na'ura za ta gan shi a cikin Najeriya, alhali damar kyauta an ba da ita ne ga masu karatu a cikin Nijar. Haka ma wanda ya bar manhajar ɓoye wuri a kunne. Jimla ɗaya a kan allon sanarwa ta isa ta ceci katin ɗalibai da yawa.

Ƙofa ta huɗu ita ce makullin da ke hannun mutum. Rajista tana buƙatar sabuntawa, kalmar sirri tana sauyawa, sanarwar sauyin kuma tana zuwa ne ga adireshin ma'aikacin da aka rubuta tun farko. Idan an yi masa canjin wurin aiki, ko ya yi ritaya, ko Allah ya yi masa rasuwa, wasiƙa za ta ci gaba da faɗawa cikin akwatin da babu mai buɗewa. Akwai kuma tsohuwar cutar ofisoshi, inda ake ɗaukar abin jama'a kamar gadon gida: makulli a aljihun mutum ɗaya, sai wanda ya sani ko ya san wanda ya sani. Ilimin da aka bayar kyauta domin kowane ɗalibi, idan ya koma alfarma, an ci amanar waɗanda suka bayar da waɗanda aka bai wa.

Ƙofa ta biyar tana hannun ɗalibin kansa, kuma gaskiya ta wajabta a faɗe ta. Da yawa sukan nemi maƙala ta Google, su faɗa kai tsaye shafin kamfanin ɗab'i ba tare da sun bi ta ƙofar rumbun ba, sai su ga farashi su ɗauka an hana su. Wasu agogon wayarsu ko kwamfutarsu ya ɓata bayan batir ya mutu, shafin ya ƙi buɗewa yana gargaɗin rashin tsaro, alhali gyaran kwanan wata kaɗai ake buƙata. Wasu tsohuwar kalmar sirri ce ta maƙale a ƙwaƙwalwar manhaja, sai an share ta. Wasu kuma sukan yi ƙoƙarin kwashe mujalla gaba ɗaya a zama ɗaya, ko su watsa kalmar sirri a dandalin WhatsApp, abin da sharuɗɗa suka hana, kuma yana iya jawo a rufe wa jami'a baki ɗaya. Sai dai duk waɗannan kurakurai ne na wanda ba a koya wa ba. Sa'a biyu ta horo a makon farko na shekarar karatu ta isa ta kawar da mafi yawansu.

Duk makanikin kirki ya san ba a sauke inji kafin a duba ko akwai mai a tanki. Haka binciken wannan cikas yake da tsari. Shin wani shafin yana buɗewa? In ba ya buɗewa, matsalar layi ce. In yana buɗewa, shin rumbun ya karɓi suna da kalmar sirri? In ya ƙi, a duba ko an sauya su, a duba kuma da wane layi aka shiga. In ya karɓa amma maƙala ɗaya ta ƙi, a gwada wata mujallar: wataƙila wannan kamfani bai saka ta cikin yarjejeniya ba, ko ya riƙe fitowar baya-bayan nan, sai a nemi kwafin da marubucin ya ajiye a buɗe, ko a rubuta masa wasiƙa. In ta buɗe wa na cikin haraba ta ƙi na waje, an gano cewa ƙofar shaida ce. Tambayoyi huɗu ko biyar ne, kuma kowace amsa tana nuna ofishin da za a ƙwanƙwasa. Abin da ya rage shi ne a sami wanda zai amsa ƙwanƙwasawar.

Saboda haka wannan jarida tana kira ga shugabannin jami'o'i da su yi abubuwa huɗu da ba su buƙatar jiran kasafin kuɗi. Na farko, kowace jami'a ta liƙa a fili jerin rumbunan da ta yi rajista da su, da ranar da kowace rajista za ta ƙare. Na biyu, a sanya rajistar da sunan ofis da adireshin ofis, a kuma naɗa mutum biyu masu kula da ita, domin kada tafiyar ɗaya ta kulle ɗaki. Na uku, a ba da lambar waya guda ta ɗakin karatu inda ɗalibi daga Bangi ko Buza zai aiko hoton abin da na'ura ta rubuta masa, a kuma buɗe littafin koke mai nuna ranar da aka kawo kuka da ranar da aka share hawaye, majalisar jami'a ta riƙa duba shi. Na huɗu, a rubuta jagora mai shafi ɗaya. Tunda dokar ƙasa ta watan Maris 2025 ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ta kuma sanya Faransanci da Ingilishi harsunan aiki, to jagorar ta fito da Hausa da Faransanci, tare da fassarar saƙonnin Ingilishi da na'ura ta saba nunawa, domin ɗalibi da yawa ya juya baya ne kawai saboda bai fahimci abin da aka ce masa ba.

Ga ma'aikatar ilimi mai zurfi kuwa, nauyin ya fi girma. Jami'o'i takwas, kowace tana ciniki ita kaɗai da masu sayar da layi da masu sayar da mujallu, asarar kuɗi ce. Sayen haɗin gwiwa da shaidar shiga guda ga kowane ɗalibin ƙasa su ne hanyar da ƙasashe da dama suka bi. Tun da aka ba Starlink izinin aiki, ya kuma fara a 2025, nisa daga babbar hanya ya daina zama hujja. A kowane babban garin gunduma, Madawa, Buza da Keita, ana iya keɓe ɗaki guda mai hasken rana da layi tabbatacce, a cikin makarantar sakandare ko ofishin noma, inda ɗalibin da ke hutu, da likitan asibiti, da malamin gona za su zauna su karanta. Rufe makarantu da aka yi a watan Maris 2020 saboda annobar korona ya isa darasi: ba a fafe gora ranar tafiya. Haka nan malamai suna da nasu kason. Kundayen digiri da ake karewa kowace shekara bai kamata su ƙare a kwali ɗaya cikin ƙura ba. A ajiye su a rumbu buɗaɗɗe, domin wanda ya zo daga baya ya ɗora a kai, wanda ya kwafa kuma a gane shi.

Za a sami masu cewa ƙasar da ke fama da rashin tsaro da tsadar hatsi tana da abin da ya fi kalmar sirri muhimmanci. Maganarsu tana da nauyi, kuma mutanen Bangi, waɗanda suka sauki dubban ƴan gudun hijira daga Najeriya a ƙarshen 2021, ba su buƙatar a koya musu ma'anar rashin tsaro. Amma likitan da zai duba yaron da tamowa ta kama, da injiniyan da zai auna madatsar ruwa a kwarin Tarka, da alƙalin da zai raba rikicin manomi da makiyayi, duk daga waɗannan azuzuwa za su fito. Idan sun fito da ilimin da aka kwafa daga kundin shekara ashirin, ƙauyen da ya sayar da akuya ya biya musu kuɗin mota shi zai fara biyan farashin. Ƙasar da ke son ta tsaya da ƙafarta tana buƙatar masana da suka karanta abin da duniya ta sani game da ƙasarsu, har su iya gyara shi.

Kalma ta ƙarshe ga ƙungiyoyin ɗalibai da na malamai. A ranar 9 ga Fabrairu 1990 ɗalibai uku suka rasa rayukansu a gadar Kennedy ta Yamai, a cikin zanga-zangar ƙin matakan tsuke bakin aljihun ilimi, jininsu kuma yana cikin abin da ya buɗe hanyar Babban Taron Ƙasa na 1991. Tun daga lokacin, takardun koke sun saba ɗaukar batun kuɗin tallafi, abinci, makwanci da motocin jigila, kuma duk haƙƙi ne. Lokaci ya yi da za a ƙara layi guda a takardar: makullin ɗakin karatu, ga kowa, daga ko'ina a cikin ƙasa. A zaman farko da shugaban jami'a bayan komawa hutu, wakilan ɗalibai su nemi a nuna musu jerin rumbunan, da ranar ƙarewar rajista, da sunan ofishin da ke riƙe da makulli. Idan aka ba su amsa, su liƙa ta inda kowa zai gani. Idan aka hana su, su rubuta ranar, su sake tambaya a zama na gaba.